Rukuɓu a Tsakar Gida

Sana'ata dillancin dabbobi. In ka taɓa shiga kara, wato kasuwar dabbobi, a Daura ko Mai'adua ka ji wani mai ƙaton ciki yana gaya wa mai saye cewa ragon da ke hannunsa ya taɓa ture jaki, to mai yiwuwa ni ne. Na faɗi haka tun da wuri don mai karatu ya san da wa yake zaune. Amma labarin nan ban zuba masa gishiri da yawa ba, sai ɗan abin da hannu ya saba.

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, bayan Inna ta fita takaba an kuma gama kaka, na je ƙauyenmu a ƙasar Baure na ɗauko ta. Gwiwoyinta sun ƙi, rijiya da nisa, ƙannena mata kowace tana gidan mijinta, namijin kuma yana Kano. In ta zauna can, ita kaɗai ce a gidan, daga ita sai kaji. A nan gari akwai asibiti, akwai kuma matata da ke sonta kamar ita ta haife ta. Inna ta yarda ta biyo ni, amma da sharaɗi, sharaɗin ma ba ni ta faɗa wa ba. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ko ina zaune har gwiwata na taɓa tabarmarta, matata take kallo.

Ta ce, "Ki gaya wa maigidanki, da zarar ruwa ya sauka zan koma."

Matata ta juyo ta ce, "Malam, ka ji."

Na ce, "Na ji. Tambayar mini ita, me ta baro a can wanda babu a nan?"

Kafin matata ta buɗe baki Inna ta ce, "Rukuɓu."

Ga wanda ya tashi a bene, rukuɓu alayyafon daji ne. Ba mai shuka shi. Da damina yake fitowa da kansa a juji da tsohon turken shanu da bayan gida, a tsinko ganyensa a dafa a matse a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Bayan ɗakin Inna akwai wani fili da yake cika da shi duk shekara, shi da tafasa. Na ce ai duk ana sayarwa a kasuwa. Inna ta gaya wa matata cewa busasshe na awaki ne, ɗanyen kuma da ya wuni a kwano ana yayyafa masa ruwa ya riga ya mutu, wanka kawai ake wa gawarsa. Ita wanda za ta tsinka da hannunta da safe take so, raɓa na jikinsa.

Na san halin Inna. In ta ce za ta tafi, ko da rarrafe sai ta tafi. Na kuma san in ta koma, ranar da gwiwa ta kayar da ita a bakin rijiya sai dai in ji a waya. Sai na yanke shawara: kafin ruwa ya sauka, rukuɓu zai fito a tsakar gidana, cikin garin Daura, ta tsinka da hannunta, hujja ta ƙare.

Na hau babur na koma ƙauye da buhu. Karan rukuɓun bara na nan tsaye a bushe, na dinga zuge kawunansu ina zubawa, na haɗa da kwanson tafasa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaye ni a hankali ko kasuwa ce ta yi mini zafi haka. A gida matata ta murje ta sheƙe a faifai. Irin rukuɓu baƙi ne mai sheƙi, ƙanƙantarsa kuwa, in ka ɗebo da yatsu biyu ka ɗebo na shuka rabin ƙaramar hukuma. Irin tafasa shi ma ba girma ne da shi ba, amma tauri kamar tsakuwa. Na gwada ɗaya da haƙori, haƙorin ne ya ba da haƙuri. Muka zuba duka a gwangwanin madara.

Na sa aka tambayi Inna yadda ake shukawa. Ta ce, "Wa ya taɓa shuka rukuɓu? Gani kawai ake ya fito." Shekarunta duka tana cin abin nan, ba ta taɓa ganin ranar da ya shiga ƙasa ba. Ni kuwa ɗan manomi ne, shuka iri ɗaya na sani, wadda aka koya mini a gonar gero: ka sara da sungumi, ka zuba iri, ka take da diddige. Na aro sungumi, na zaɓi kusurwar gida ta jikin katanga inda takin raguna ya taru, na bi layi ina sara ina takewa. Ni mai nauyi ne. In na taka rami da diddige, ko ɓera ba ya sake fitowa.

Lokacin tsakiyar ɗari ne, ruwan buta na cizon yatsa, mutane na alwala suna kallon butar kamar ta yi musu laifi. Ban kawo wannan a raina ba. Ni a ganina ruwa ne kaɗai ya raba rani da damina, to ga ruwa. Safe da yamma ina ban ruwa. Na zuba wa kusurwar nan ruwan da zai ishi kada ya yi iyo. Kullum bayan asuba sai in tsuguna in duba. Ƙasa ta yi baƙi, ta yi sanyi, ta yi shiru.

Akwai wani taubashina, ɗan kawuna, mai lambu a bayan gari, tumatir da albasa da latas. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, tun muna yara bawansa yake ce mini. Ya zo gaida Inna ya tarar da ni a tsugune.

Ya ce, "Bawa, me ka binne a nan? In kuɗi ne a gaya mini, dukiyar bawa ta ubangidansa ce."

Na gaya masa. Ya yi dariya har ya zauna kan turmi. Ya ɗaga murya ya ce, "Gwaggo, kin ji ɗanki? Mutane na biyan 'yan ƙodago su cire ciyawa, shi yana shuka ta!"

Inna daga ɗaki ta ce, "Ni ba ruwana, ruwa nake jira."

Da ya gama dariya sai ya koma malami. Ya ce sanyi ne ya hana, a yi masa yadda ake wa renon tumatir: a sake zubawa, a lulluɓe da ciyawa mai kauri ta riƙe ɗumi da laima, a ɗora rumfa. Rabin maganarsa gaskiya ce, sanyin. Sauran rabin shi ya ƙarasa mu. Muka sake zuba iri, muka rufe da ƙasa, muka shimfiɗa ciyawa, muka kafa rumfa da tsohon zana. Wurin ya yi duhu ya yi lumus, har ni na yi sha'awar in kwanta a ciki. Abin da muka samu gara. Ta cinye ciyawar, ta hau zanan, ta fara duban ƙofar ɗakina. Na tona na ciro 'ya'yan tafasa, suna nan yadda na sa su, ko kumbura ba su yi ba. Na rukuɓu kuwa ba ya ganuwa a ƙasa balle in tambaye shi.

Sai bazara ta shigo. Zafin Daura na bazara ba sai an ba da labari ba. Ƙadangare ma da gudu yake tsallake tsakar gida yana ɗaga ƙafa. Na daina ban ruwa, na bar rumfar tsaye don kunyar rushewa. Inna kuwa ta fara shiri. Ta sa aka wanke mata zannuwa, ta ɗaure su a ƙunshi, kullum da la'asar ta fito da kujerarta ta zauna tana duban gabas. In gajimare ya taso sai fuskarta ta washe, tawa ta haɗe. A duk ƙasar Daura ina jin ni kaɗai ne ɗan manomin da ba ya ɗokin hadari a shekarar nan.

Ana haka matata ta buƙaci gwangwanin nan za ta zuba kanwa. Akwai sauran iri a ciki, sai ta kaɗe shi a wurin wanke-wanke. Wurin fili ne a tsakiyar gida, ba inuwa ko ta tsinke, rana na dukansa tun hantsi har la'asar, kullum kuma ana zubar da ruwan ɗauraya. Ba ta rufe ba, ba ta ma waiwaya ba.

Bayan 'yan kwanaki, da safe ina shan koko, matata na shara, sai na ji Inna ta ce da ƙarfi, "Ke, ɗaga tsintsiyar nan!"

Matata ta tsaya cak. Inna ta taso da sandarta, ta zo ta sunkuya. Muka bi ta muka tsuguna. Ƙasar wurin ta yi wani gashi-gashi, tsirrai ƙanana masu ganye bibbiyu sirara, ƙarƙashinsu ja-ja.

Inna ta ce, "Shi ne."

Na ce da matata, "Tambaye ta ta tabbata?"

Inna ta ce, "Ki ce masa na san rukuɓu tun ba a san za a yi shi ba."

Na zauna a ƙasa ina lissafi. Iri ɗaya, gwangwani ɗaya. Wanda na yi wa gata, na haƙa masa ɗaki, na rufe shi, na yi masa rumfa, ya ƙi. Wanda aka watsar kamar shara a rana tsaka, ya fito. Dillali ba ya yarda da shekarun dabba sai ya buɗe bakinta ya ga haƙora, don haka na ce sai na gwada. Na rushe rumfar, na kwashe abin da gara ta rage, na ɗauki fartanya na fara juya ƙasar kusurwar, ta ƙasa ta dawo sama. Na yi rabi bayana ya ce ya isa, na bar sauran rabin yadda yake. Na koma yi wa duka biyun ban ruwa.

Rabin da na juya ya fito kamar an shimfiɗa darduma. Rabin da ban taɓa ba, ɗaya nan ɗaya can, kamar gemun saurayi. Ashe duk watannin nan irin na nan da ransa a ƙarƙashin diddigena, yana jira. Matata ma ta ƙara mana shaida ba da niyya ba. Akwai turmi a kife a gefen wurin wanke-wanke, da ta mirgine shi sai ga da'ira fayau, ba tsiro ko ɗaya, alhali ƙasar a jiƙe take kuma irin ya shiga ƙarƙashi. Bayan kwanaki da rana ta ga wurin, da'irar ta cike.

Yadda na fahimci abin, da hankalina na kara, shi ne: ƙwayar gero tana da guzuri a cikinta, in ka binne ta za ta iya tafiyar da za ta kai ta sama. Ƙwayar rukuɓu ba ta da ko na shan ruwa a hanya. In ta tsiro a zurfi za ta mutu kafin ta ga rana, don haka ba ta motsi sai haske ya taɓa ta, ta tabbatar tana bakin ƙofa. Sanyi kuma yana gaya mata damina da nisa, ko wane ne ke zuba ruwan nan yaudara ce. Sai zafi da haske da laima sun haɗu take yarda. Nan na tuna abin da ke ba mahaifinmu haushi duk shekara: a gama noman farko gona ta yi fes, a juya baya sabuwar ciyawa ta rufe ta. Yakan ce ciyawa na bin sawun fartanya. Gaskiyarsa, fartanyar ce ke fito da irin daga duhu.

Tafasa kuwa nata halin daban. Haske bai dame ta ba, rigarta ce ta hana ruwa shiga. Waɗanda suka zube a fili rana ta gasa su da yini, dare ya huce su, aka yi ta haka, su ne suka fara fitowa ɗai-ɗai. Waɗanda na ɓoye a inuwa ko gezau. Ita sai ta sha wuya take sakin jiki, kamar wasu masu sayen rago da na sani.

Taubashina ya zo ya ga kore a tsakar gida. Ya riƙe ƙugu ya ce, "Bawa, ban gaya maka ba? Ka ga amfanin bin maganar ubangida."

Na ce, "Maganarka gara ce ta bi ta, ta kuma gode."

Ya ce, "Gwaggo, yanzu ai sai a kwance ƙunshi."

Inna ta ce, "Ka ji na ce?"

Ba ta ce ba kuwa. Ƙunshin na nan a bakin gado. Sai dai wani abu ya taso da ya sa ta fitowa kullum da safe. Da tsirran suka ɗan tasa, ta gano kusan rabinsu ba rukuɓu ba ne, ɗan'uwansa ne mai ƙaya, wanda ake kira namijin gasaya. Ranar da na je zugar iri a bushe duk kamarsu ɗaya, na haɗo har da shi. Tun suna ƙanana ita take bambance su, ni da matata sai ƙaya ta soke mu muke ganewa. Ta ce in ba a cire shi da wuri ba zai danne na kirkin. Sai ta riƙa jan 'yar kujerarta tana matsawa kaɗan-kaɗan tana tsugewa, tana yi tana ba matata labarin wautar wasu mutane da ba ta faɗi sunansu ba, ni kuma ina zaune nan ina ji.

Ruwan farko ya sauka wata ranar da la'asar, mai ƙarfi, har ya cika kwata. Unguwa ta ɗauki murna, ƙasa ta tashi da ƙamshinta. Ni na tsaya a baranda kamar wanda aka kawo wa sammaci. Kafin ruwan ya ɗauke Inna ta aiko matata: a nemo mota.

Na ja kwanaki da hujjar hanya ba ta bushe ba. Cikin kwanakin nan tafasa ta fashe ko'ina, har wadda na fid da rai da ita a kusurwa, tunda ta sha rana bayan rushe rumfa. Ranar tafiya da safe Inna ta tsinki rukuɓun wurin wanke-wanke da hannunta, matata ta dafa ta kwaɗa. Inna ta cinye kwano tas, ta ce yaji ya yi kaɗan. Na ɗauka za ta ƙara wata magana. Ta wanke hannu, ta ɗauki sanda, ta ce a sa ƙunshi a mota.

Na ɗauki shatar wata tsohuwar mota, ni da ita da direba. Har muka kai motar ce ke ta magana, ta kuwa yi da yawa. A ƙauye mata suka fito ana ta sannu da zuwa. Inna ta buɗe ɗakinta, ta share, ta zauna bakin gadon ta yi wa mahaifinmu addu'a. Ni ina waje ina duban tulunan ruwa da ke kife, ina auna nisan rijiya da ido.

Can ta fito ta zagaya bayan ɗaki, na bi ta daga nesa. Filin nan ƙasa ce tsirara. Ruwa ɗaya ya samu, tsiron bai wuce gashin jariri ba, sai an yi makonni kafin a tsinki ko na miyar mutum ɗaya. Na tsakar gidana kuwa ya kai tsawon hannu. Ta daɗe a tsaye ta dogara da sanda. Sannan ta koma ɗaki ta fito da wata 'yar fartanyarta da tsufa ya cinye bakinta, da faifai biyu, ta ja ƙofa ta kulle.

Matata ba ta nan, sai ta dubi direba.

Ta ce, "Yaro, ka gaya wa wanda ya ɗauko ka, in na bar musu abin can ƙaya za su dafa su ci."

Direba ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Iya, ai ga shi nan tsaye."

Ta ce, "Na gan shi. Ka gaya masa. Ka kuma ce masa ragunan nan su bar tsakar gidan, na ga babban yana miƙa wuya."

Direba ya juyo da gaske ya ce, "Alhaji, an ce raguna su bar gida."

Na ce, "Ka ce mata an gama."

Ƙunshin ko sauke shi ba a yi daga mota ba. Muka iso Daura kafin magariba.

Washegari na kora ragunan zuwa lambun taubashina, ya karɓe su da sharaɗin duk wanda ya tambaya zai ce bawansa ne ya kawo gaisuwa. Har yau suna can, kullum sai na ratsa gari da buhun dusa a bayan babur. Na so in yi wa tsakar gida daɓen siminti, an hana. Da kaka ana barin rukuɓu ya bushe a tsaye ya zubar da 'ya'yansa, da rani ba a yi wa wurin inuwa, ba a kuma binne komai. Baƙi in sun shigo da damina sukan ɗauka gidan ba kowa, sai sun hango tsohuwa a tsakiyar ganye.

Makullin ɗakin ƙauye yana ɗaure a gefen zanenta. Ƙanena ya taɓa roƙo a ba shi ya ajiye gero a ɗakin, ta ce a gaya masa ɗakin da mai shi.